Gishirin da Ya Tsallake Rijiyata

Shekarun baya, lokacin da na ga koyarwa kaɗai ba za ta riƙe gida ba, na shiga kiwon kifi a bayan gidanmu a Zuru. Ba wani babban abu ba ne. Tankuna na siminti na sa aka gina mini a jikin katanga, na zuba 'ya'yan tarwaɗa, na haƙa rami a kusurwa inda nake sakin tsohon ruwa duk sanda na canza musu. Da safe kafin in tafi makaranta in watsa musu abinci, da yamma in dawo in tsaya a kansu ina kallo ina murmushi. Matata takan ce da ita nake yi wa irin wannan kallon, da tuni ta yi ƙiba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani tsohon soja, ɗan asalin garin, wanda duk unguwa ke kira Baba Saje. Abokin mahaifina ne tun kafin a haife ni. Shi Kirista, mu Musulmi, amma ban san wata Sallah da namanmu bai tsallaka katangar nan ba, ko Kirsimetin da shinkafarsu ba ta tsallako mana ba. Ranar da mahaifina ya rasu, shi ya tsaya a ƙofar gida yana tsara masu zuwa gaisuwa kamar yana fareti. Mutumin kirki ne ƙwarai. Matsalarsa ɗaya: idan ya yanke hukunci a kan abu, ko kwamandansa ne ya dawo duniya sai ya yi da gaske kafin ya juya shi.

Wata safiya bayan an gama girbin dawa, ina cikin watsa wa kifi abinci, sai na ji muryarsa ta kan katanga.

"Malam! Zagayo."

Na zagaya. Na same shi tsaye a bakin rijiyarsa, hannu a baya, matarsa na gefe riƙe da guga. Ko gaisuwata bai bari na ƙarasa ba.

"Ɗanɗana," in ji shi.

Na kamfaci ruwan na kai baki. Zartsi ne. Ba mai tsanani ba, amma gishiri ne ƙarara, har da wani ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe. Matarsa ta ce kwanaki ke nan sabulu ba ya kumfa, wake ya ƙi nuna, jikokinta kuma sun ƙi shan shayi.

"Tun ina yaro nake shan ruwan ƙasar nan," Baba Saje ya ce. "Rijiyar nan da hannuna na nuna inda za a haƙa ta. Ba ta taɓa canza baki ba sai da ka kawo kifi."

Na ce, "Baba, kifin ruwan daɗi ne ai. Ba na teku ba ne."

"Ni ma ba ɗan jiya ba ne."

A raina na ce nan da jibi zai huce. Bai huce ba. Kafin mako ya zagayo an kira ni gaban mai unguwa.

Ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidan mai unguwa aka zauna, kuma ban taɓa sanin unguwarmu tana da marasa aikin yi da yawa haka ba sai ranar. Na tashi na yi bayani irin na aji, dalla-dalla. Na ce rijiyata ta fi tasa kusa da ramin da nake sakin ruwa, taku kaɗan ne a tsakaninsu, kuma ga ta nan ruwanta garau, kowa ya zo ya sha. Na ce in da ramina ne yake ɓata ruwa, ai ni zai fara ɓata wa. Na zauna ina jin na gama da su.

Sai wani daga baya ya ce, "Ai mai abu ya san yadda yake kare kansa."

Aka yi ta gyaɗa kai. Wato ni, malamin makaranta mai koyar da lissafi, na yi wa rijiyata asiri, na tura gishiri gidan maƙwabci.

Ina ƙoƙarin haɗiye wannan, matar Baba Saje ta ce ita dai da idonta ta ga na shiga gida da ƙullin gishiri, kuma ta hango ni ina barbaɗa shi a tanki. Gaskiya ta faɗa. Duk mai kiwon tarwaɗa ya san idan sun ciji juna ko sun yi ƙuraje akan jefa musu ɗan gishiri. Na ce, "E, Mama, nakan sa, amma cikin tafin hannu ne kawai, wanda ko miyar gidan biki bai isa ba."

"Kun ji ko?" Baba Saje ya juya ga jama'a. "Ya amsa da bakinsa."

Mai unguwa mutum ne mai son zaman lafiya fiye da son gaskiya. Ya ce ba wanda ya ce na yi da gangan, amma don a zauna lafiya in dakatar da kiwon, in cike ramin, a ga abin da Allah zai yi. Na so in yi gardama. Da na koma gida mahaifiyata ta zaunar da ni.

"Mutumin nan shi ya riƙe makarar ubanka har bakin maƙabarta," ta ce. "A kan kifi za ka tsaya kana ɗaga masa murya a bainar jama'a? Rufe."

Na rufe. Kifin bai kai girman sayarwa ba, sai na kwashe su haka nan. Wasu na kai wa masu banda suka karɓa kamar suna yi mini alfarma, wasu na raba, sauran muka ci. Mun ci kifi a miya, mun ci a farfesu, mun ci soyayye, har 'yata ta fara tambaya ko an daina yanka awaki a garin. Ramin kuma na cike shi da hannuna, ina jifan ƙasa da shebur kamar ita ta yi mini laifi.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai a duk lamarin. Baba Saje ya daina amsa gaisuwata, sai dai ya ɗaga gira. Amma kowace safiya ta Allah iyalinsa suna cikin gidana da jarkoki suna jan ruwa a rijiyata, wannan dai rijiyar da aka ce na yi wa asiri. Mahaifiyata ce ta aika ta ce su zo. Ita take ba su kujera, har ta tambayi lafiyar maigidan. Ni kuma in raɓa ta gefe da jakata in wuce makaranta kamar baƙo.

Wata ya wuce, wani ya bi bayansa. Ruwan Baba Saje bai gyaru ba. Ƙaruwa ma ya yi, har farin gari yake bari a gindin tukunya idan ya tafasa. Na zaci yanzu kowa zai ga gaskiya. Ina! Aka ce gishirin da na riga na zuba ne bai gama fita ba.

Sai kuma rijiyar wata gwauruwa mai sayar da kunun zaƙi ta ɗauka. Gidanta yana can ƙasa da mu, da gidaje a tsakani, kuma duk gidajen nan na tsakani ruwansu lafiya lau. Matar nan da kunun take ciyar da marayu, masu saye kuma suka fara kawar da kai. Ta zo har ƙofar gidana, ba da faɗa ba, da kuka. Ta ce, "Malam, don girman Allah, in wani abu ka binne, ka tone." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan ita sai wani gida a tsallaken titi, ta wajen dutse, sama da mu. A nan na ce to, yanzu kuma gishirina ya koyi hawan tudu ke nan? Aka ce abin da ba a gani ai ba a san tafiyarsa ba.

Haushi ya sa na ɗauki kofi na shiga unguwa gida-gida, ina sallama ina roƙon a bar ni in ɗanɗana ruwan rijiya. Ku kwatanta da idonku: mutumin da ake zargi da ɓata rijiyoyi, ga shi yana yawo yana leƙa rijiyoyin mutane. Wasu suka bar ni, amma suna tsaye a kaina suna kallon hannuna. Wata tsohuwa ta saki kare. Abin da na samu a wannan bincike shi ne gudawa ta kwana da kwanaki. Matata tana dama mini ruwan gishiri da sukari tana cewa, "Sha, maigida. Wannan dai ka san inda gishirinsa ya fito."

Amma na lura da abu guda. Gidajen da ruwansu ya ɓaci ba su kewaye gidana ba. A jere suke, jeri mai karkacewa kamar sawun maciji a kan rairayi, daga wajen dutse zuwa gangare. Na ga abin, na kasa fassara shi.

Ana nan sai abokina ya zo hutu. Tare muka yi sakandare, shi ya wuce ya karanci ilimin ƙasa da ruwa, yana aiki da masu haƙar burtsatse a wata jiha. Na ba shi labari tun daga farko, ina jiran ya taya ni baƙin ciki. Dariya ya yi har da riƙe ciki. Da ya gama ya share hawaye ya ce, "Kai da harshenka ka auna rijiyoyin unguwa? Allah ya so ka. Gobe zan zo da kayan aiki."

Washegari ya zo da wata 'yar na'ura kamar wayar hannu mai igiya, wadda idan aka tsoma bakinta a ruwa take nuna yawan gishirin da ya narke a ciki, da kuma wani dogon ƙarfe mai murɗaɗɗen baki na huda ƙasa. Ya fara da tsakar gidana, daidai inda ramin yake a da. Ya huda, ƙarfen ya fito da jar laka mai danƙo, irin wadda mata ke ginin tukunya da ita. Ya faɗaɗa ramin ya juye bokitin ruwa a ciki.

"Mu je mu ci abinci," ya ce.

Muka ci, muka yi hira, muka dawo. Ruwan yana nan inda muka bar shi, har wani kwaɗo ya samu wurin zama.

"Da ma haka raminka yake yi?"

Na ce, "Haka yake. Kwana da kwanaki ruwa ba ya tsotsewa. Sauro ya ishe mu."

"To ka gani. A kan laka gidanka yake zaune. Laka ba ta ba ruwa hanya sai da ƙyar. Abin da ka zuba a nan, kafin ya yi tafiyar taku goma a ƙarƙashin ƙasa, ƙila 'yarka ta yi aure. Amma kada ka yi murna da yawa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ruwan kashin kifi kusa da rijiya ba dabara ba ce. Lakar nan ce ta rufa maka asiri."

Na ce na ji, mu wuce wurin.

Shiga gidan Baba Saje shi ne aiki. Amma abokina ɗan bariki ne, mahaifinsa ma soja ne. Ya ƙame a ƙofa ya sara masa, sannan ya durƙusa ya gaishe shi da C'lela, yaren 'yan asalin garin. Tsohon ya saki fuska, ya tambaye shi ɗan gidan wa ne, suka yi ta lissafin dangi. Ni ko kallo ban ishe shi ba. A bayan madafarsu, ba nisa da rijiyar, abokina ya huda ƙasa. Da farko baƙar ƙasa ce, sai can ƙarfen ya fara ƙara, ya fito da yashi mai gautsi haɗe da ƙananan tsakuwa masu santsi. Ya juye bokitin ruwa. Kafin ya ajiye bokitin, ruwan ya ɓace.

Ya ɗauki tsakuwa ɗaya ya miƙa wa tsohon. "Baba, dubi yadda ta goge. Ruwa mai gudu ne kaɗai yake yi wa dutse haka. A da akwai rafi a nan?"

Baba Saje ya juya tsakuwar a hannunsa. "Ƙorama ce. Daga gindin dutsen can take saukowa, ta bi ta nan ta gangara fadama. Mun kama kaguwa a cikinta muna yara. Amma ta mutu tun kafin in tafi soja. Mutane sun cike ta sun yi gini."

"Ba ta mutu ba, Baba. Binne ta aka yi. Yashinta yana nan a ƙasa, kuma ruwa yana nan yana bin sa."

Daga nan ya yi mana bayanin da har yau ban manta ba. Ya ce mutane suna zaton ƙarƙashin ƙasa kamar randa ce guda, duk abin da ya faɗa ciki ya gauraye ko'ina daidai wa daida, na kusa ya fara ji kafin na nesa. Ba haka take ba. Wani wuri laka ce, wani wuri marmara, wani wuri yashi, wani wuri dutse mai tsaga. Ruwa kuma malalaci ne, inda ya fi sauƙi yake bi. Idan ya samu zirin yashi a tsakiyar laka, nan zai tattara ya bi, kuma duk abin da ya narke a cikinsa, gishiri ne, taki ne, ruwan masai ne, tare za su tafi. Sai ya wuce rijiyar da ke gefensa bai taɓa ta ba, ya je can nesa ya faɗa wa wadda ta zauna a kan hanyarsa.

"Saboda haka," ya ce, "ba wanda ya fi kusa za mu nema ba. Wanda ke sama da ku a kan wannan yashin za mu nema."

Muka fita, Baba Saje ya ɗauko sandarsa ya biyo mu, wai yana so ya gani da idonsa. Shi yake nuna inda ƙoramar take bi a da, abokina yana tsoma na'ura a rijiyoyi. Duk rijiyar da ke kan tsohuwar hanyar ruwan, sai na'urar ta nuna gishiri. Duk wadda ta kauce gefe, ko da kaɗan ne, lafiya lau. Kuma muna hawa wajen dutse, gishirin yana ƙaruwa. Tun kafin mu kai ƙarshe hancina ya gaya mini inda za mu.

A bakin unguwa akwai wani fili mai katanga da wani Alhaji, mutumin wajen Jega, ya kama 'yan shekaru kafin nan yana harkar fatu da ƙiraga. Yana saye daga mahauta da ƙauyuka, har daga Bena da Dirin Daji ake kawo masa, yaransa su shimfiɗa su, su zuba musu gishiri buhu-buhu don kada su ruɓe kafin mota ta zo ta kwasa. A bayan filin akwai wani tsohon rami mai faɗi, inda magina suka yi ta ɗiban yashi lokacin da ake gina unguwar. Cikin wannan ramin suke zubar da gishirin da ya gama aiki, da jan ruwan da ke tsiyaya daga fatun. Bakin ramin ya yi fari fat. Wato dai sun samu bakin ƙoramar da aka binne, suna ɗura mata gishiri kai tsaye. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Alhajin ya fito ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo tabarma. Da abokina ya gama bayani, fara'ar ta ragu.

"Mi kake hwaɗi haka, yaro?" ya ce. "Ga rijiya nan jikin katangata, ta maƙwabcina, ruwa nai muke sha kullum. Ku ɗebo ku ji. In da ni ka ɓata ruwa, ai ita za ta hwara ɓaci. Ƙaƙa gishirina zai ƙetare ta ya tahi can cikin gari?"

Aka ɗebo. Garau. Abokina ya huda gefenta, laka ce da marmara.

Jama'a, maganata ce sak, wadda na yi a ƙarƙashin mangwaro, ga ta tana fitowa daga bakin wani. Kuma abin kunya, na ji bakina yana ƙaiƙayin in ce masa ai mai abu ya san yadda yake kare kansa. Da ƙyar na danne.

Aka sake zama gaban mai unguwa, wannan karon har da duba-gari. Abokina ya zana hanyar ƙoramar a ƙasa da tsinke, ya sa duwatsu a madadin rijiyoyi. Ya kawo lakar gidana da yashin gidan Baba Saje a cikin gorunan roba da aka yanke, ya zuba ruwa a kowanne a gaban kowa. Alhaji ya daɗe yana kallon yadda ruwa ke zuba ta ƙasan goran yashi. Daga ƙarshe ya ce shi bai zo garin mutane don ya cuce su ba, kuma bai san haka ƙasa take ba. Ya yarda a kwashe ƙasar ramin da ta sha gishiri, a cike shi, ya mayar da aikin gishirin can bayan gari a kan dandamalin siminti. Kuma ya cika alkawari, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Har ruwa ya riƙa sa a kai wa mai kunu a kura kafin rijiyarta ta dawo.

Kafin a tashi, abokina ya ja ni gefe ya ce kada in sa rai ruwa zai gyaru gobe. Ya ce tsakiyar yashi, inda ruwa ke gudu, zai wanke da wuri idan damina ta sauka. Amma a gefe-gefe, inda yashi ya cakuɗe da laka da taɓo, gishiri ya daɗe yana shiga a hankali, kuma a hankali zai riƙa fitowa, kamar tsumman da ya sha miya, ka wanke ka matse, gobe ka ga ya sake fitar da mai. Wasu rijiyoyin damina ɗaya ta ishe su, wasu sai an yi haƙuri.

Na kama hannunsa na ce, "Don Allah koma ka faɗi wannan da ƙarfi, kowa ya ji."

Ya koma ya faɗa da ƙarfi. Kowa ya ce ya ji. Ba wanda ya ji.

Na tsaya ina jiran wani ya juyo ya ce, Malam, mun zalunce ka. Mai unguwa ya ce alhamdu lillahi, gaskiya ta yi halinta, ya shafa addu'a. Mutumin da ya ce na san yadda nake kare kaina ya zo ya dafa kafaɗata ya ce shi tun farko ya san ba ni ba ne. Mai kunu kaɗai ta tsaya ta ce in yafe mata. Baba Saje ya ɗauki sandarsa ya tafi gida.

Bayan wata guda da tashin Alhaji, ina wucewa na ji tsohon yana gaya wa abokan hirarsa, da muryar da ya tabbatar zan ji, "An kori bawan Allah da fatunsa, ruwa kuma yana nan yadda yake. To." Ya bi katangata da kallo. Na shiga gida na zauna a bakin tankin da babu komai a ciki sai busassun ganye, na ce wa matata ni kam ko ƙasar nan za ta tsage ta yi magana da bakinta, tsohon nan sai ya ce ni na koya mata.

Damina ta sauka. Rijiyar mai kunu, wadda ashe a tsakiyar yashin take, ta wanke tun kafin dawa ta fitar da kai. Ta gidan tsallaken titi ma ta biyo baya. Ta Baba Saje ta yi kamar ta gyaru, muka fara murna, rani na shiga zartsin ya dawo, ko da yake bai kai na da ba. Na kira abokina a waya ina masifa kamar shi ya zuba. Ya ce, "Ai na gaya maka. Tasa a gefe take, taɓon da ke kewaye da ita ne yake amayar da abin da ya sha. Ka ƙara haƙuri." Akwai rijiya ɗaya can kusa da tsohon ramin da ba ta dawo ba har yau, masu gidan sun rufe ta da siminti.

Sai bayan wata daminar, wata safiya na fito na ga tsakar gidana shiru. Ba jarkoki, ba ƙarar guga. Washegari ma haka. Na zagaya gidan Baba Saje, na samu matarsa tana wanki a bakin rijiyarsu, kumfa har gwiwar hannu. Shi yana kan kujerarsa yana sauraron rediyo. Na gaishe shi, ya amsa cikakkiyar amsa, har da tambayar mahaifiyata da yara. Ya sa aka kawo mini kujera. Zuciyata ta yi sanyi. Na ce yau dai zan ji abin da na daɗe ina jira.

Ya rage muryar rediyo, ya dube ni da kyau.

"Ruwa ya gyaru, Malam."

"Alhamdu lillahi, Baba."

"Ka gani ko? Da ka ji maganata ka rufe ramin kifin nan tun da wuri, da ba mu sha wannan wahalar ba."

Na dubi matarsa, ta sunkuyar da kai cikin baho, kafaɗunta suna rawa don dariya. Na ce, "Haka ne, Baba. Allah ya ƙara girma."

Idan na tuna wannan lamari yanzu, dariya nake yi, amma dariyar ba ta cika fita duka ba. Kifina ya tafi a banza, sunana ya yi yawo a bakin mutane, kuma babu wanda ya biya ni ko da kalmar ban haƙuri in ban da matar da ta fi kowa asara. Abin da na tsira da shi, na daina yarda da hujjar "ai shi ne kusa", ko a kan ruwa, ko a kan yara a aji idan abu ya ɓace. Kuma duk wanda na ji zai haƙa rijiya ko masai, ko zai zubar da wani abu a rami, sai na tsayar da shi na tambaye shi abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, laka ce ko yashi, kuma wa ke ƙasa da shi. Wasu suna saurara. Wasu suna ganin malamin lissafi ya fara taɓuwa.

Baba Saje yana nan da ransa, ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni. Nakan shiga in zauna da shi da yamma, in karanta masa saƙon 'ya'yansa a waya. Idan ya yi baƙo, yakan nuna ni da sanda ya ce, "Wannan ɗana ne. Yaron kirki. Ya taɓa yin kuskure sau ɗaya, amma da na yi masa magana ya gyara."

Ni kuma in gyara zama in ce, "Sannu da zuwa."